Filin ilimi: dutsen da ya zo daga wata duniya

Duk wanda ya taɓa kwana a daji da bisashe, ko ya kwana tsaron gona da kaka, ya ga wannan abu. Dare ya yi tsaka, sai wani haske ya keta sama kamar an jefa bakin wuta, nan da nan kuma ya mutu. Sai mutane su ce tauraro ya faɗi. Amma in wani dare ya yi, taurari suna nan yadda suke. Kaza da ƴaƴanta ba su ragu ba. Zara tana nan wurinta. To, mi ya faɗi?

Dutse ne. Masana sun tabbatar da haka tun sama da shekara 200. Yawancin waɗannan duwatsu ƙanana ne, ba su wuce ƙwayar rairayi ko ƙwayar hatsi ba. Suna ƙonewa tun can sama, wajen kilomita 80 zuwa 100 daga ƙasa. Amma wani lokaci babba yana zuwa, wuta ba ta cinye shi duka ba, sai ragowarsa ta iso ƙasa. Irin wannan dutse ne masanan duniya ke nema ido rufe. Biyu daga cikin mafi daraja, ɗaya a ƙasar Hausa ya faɗo, ɗaya a hamadar Nijar aka tsince shi.

Abin da ya faru a Zagami

Ran 3 ga watan Oktoba na shekarar 1962, wani manomi yana cikin gonarsa a Zagami, cikin lardin Katsina, a Najeriya. Sai ya ji wata ƙara mai tsanani daga sama, iska ta buge shi. Wani abu ya faɗo kusa da shi, tsakaninsu bai wuce mita 3 ba. Abin ya nutse cikin ƙasa fiye da kamu ɗaya. Da aka tono shi, sai ga dutse mai baƙar fata, nauyinsa kilo 18. Aka kai shi Kaduna, wurin ma'aikatan binciken ƙasa da ma'adinai, aka ajiye.

A lokacin babu wanda ya san inda dutsen ya fito. Sai da aka yi shekara 20 da wani abu kafin masana su gane cewa daga wata duniya ya zo, wadda Turawa ke kira Mars.

Sau 5 kaɗai aka taɓa ganin faɗowar dutsen Mars da ido, aka kuma tsince shi. A Faransa a 1815. A Indiya a 1865. A Masar a 1911. A Zagami a 1962. A Maroko a 2011. Mai karatu ya lura: 3 daga cikin 5 ɗin a Afirka suka faɗo.

Wace duniya ce Mars?

Rana tana da duniyoyi 8 masu kewaya ta. Wadda mutane ke zaune a kanta ita ce ta uku. Mars ita ce ta huɗu. Ana ganinta da dare ba tare da madubi ba, kamar tauraro mai ja-ja. Janta na tsatsa ne, don ƙurarta tana da ƙarfe da ya yi tsatsa.

Faɗinta rabin faɗin wannan duniya ne. Kwananta ɗaya awa 24 ne da minti 37, amma shekararta kwana 687 ce. Sanyi gare ta ƙwarai, ya fi na ƙanƙara nesa. Iskarta ba ta da kauri, kuma mutum ba ya iya shaƙarta ya rayu. Yawancinta irin iskar nan ce da gawayi ke fitarwa in yana ci. Babu ciyawa, babu itace, babu gulbi mai gudu. Sai duwatsu, da tuddan rairayi, da guguwa, da ƙura mai rufe sama kamar hazon hunturu.

Nisanta kuwa, ko lokacin da ta fi matsowa, wajen kilomita miliyan 55 ne. In da akwai hanya, kamyo mai gudun kilomita 60 a awa, ba tsayawa dare da rana, sai ya yi fiye da shekara 100 kafin ya isa.

Yaya dutse ya baro can ya zo nan?

In yaro ya jefa babban dutse cikin tabki, ruwa da laka suna fantsama sama. Haka abin yake. Akwai manyan duwatsu masu yawo tsakanin duniyoyi. Wani lokaci ɗaya daga cikinsu yana faɗa wa Mars da gudu mai tsanani. Sai ya haƙa rami mai faɗin kilomita da yawa, duwatsun wurin su fantsama.

Mars ba ta riƙe abu da ƙarfi kamar wannan duniya. Buhu mai kilo 100 a nan, a can za a ji shi kamar kilo 38. Dutsen da ya tashi da gudun kilomita 5 a sakan ɗaya ba ya komowa. Da irin wannan gudu, daga Maraɗi zuwa Damagaram ba a cika minti ɗaya ba. Dutsen sai ya shiga kewaya rana shi kaɗai, shekaru bisa shekaru, har ranar da hanyarsa ta gamu da ta wannan duniya.

Masana sun auna dutsen Zagami. Sun gano cewa asalinsa narkakken dutse ne da ya fito daga cikin Mars ya daskare, yau wajen shekara miliyan 180. Ya baro Mars wajen shekara miliyan 3 da suka wuce. Duk wannan lokaci yana yawo, kafin ya sauka gonar wancan manomi.

Yaya aka san daga Mars ya fito?

Makiyayi yana gane raƙumi da shaidar wuta da ke jikinsa, ko da raƙumin ya ɓace ya je wata ƙasa. Dutsen Mars shi ma yana da shaida.

A 1976, Amurka ta sauke na'urori 2 a kan Mars, sunansu Viking. Suka shaƙi iskar wurin, suka auna abin da ke cikinta, suka aiko da sakamako ta radiyo. Masana suka rubuta suka ajiye.

A 1983, masana 2 a Amurka, Donald Bogard da Pratt Johnson, suna binciken wani dutse da aka tsinto a Antaktika, ƙasar ƙanƙara ta can kudancin duniya. Cikin dutsen akwai wuraren da suka narke suka koma kamar kwalba, saboda ƙarfin bugun da ya fitar da shi daga gida. Lokacin da wuraren suka daskare, sun kulle ƴar iska a ciki. Masanan suka gasa dutsen, iskar ta fito, suka auna ta. Ta yi daidai da wadda Viking ta auna a Mars. Ba ta yi kama da iskar wannan duniya ba.

A 1995 aka yi wa dutsen Zagami irin wannan awo, aka sami iskar Mars a cikinsa. A 1996 aka sa ɗan ƙaramin gutsurensa cikin wani jirgin bincike da Amurka ta aika. Jirgin ya isa a 1997, ya shiga kewaya Mars. Ke nan gutsuren ya koma ƙofar gidansu.

Mi masana ke nema cikin waɗannan duwatsu?

Tambayarsu babba ita ce ruwa da rai. Hotunan da jirage suka ɗauko sun nuna busassun ƙoramu da gulabe a Mars, kamar yadda ake ganin tsofaffin kwaruruka a Azawak. Wato da can akwai ruwa. Yaushe ne? Ina ya tafi? Ko wani abu mai rai ya taɓa zama cikinsa?

A 2011 aka tsinci wani baƙin dutse a hamada, ya fito ta kasuwar Maroko. Nauyinsa giram 320, bai cika tafin hannu biyu ba. Masana suka yi masa laƙabi da Baƙar Kyakkyawa. Ruwan da ke kulle cikinsa ya fi na sauran duwatsun Mars wajen sau 10. Cikinsa akwai wasu ƙwayoyi ƙanana masu ɗauke da iraniyom, irin na Arlit. Iraniyom yana rikiɗa ya koma dalma sannu a hankali, kuma an san lissafin rikiɗarsa. Mai duba haƙoran saniya yana faɗin shekarunta. Haka mai auna iraniyom da dalma yana faɗin shekarun dutse. A 2024, masanan wata jami'a ta Ostareliya suka ba da labarin wata ƙwaya mai shekara miliyan 4450. Ƙwayar tana da alamar ruwan zafi. Ma'ana, tun farkon Mars akwai ruwa a jikinta.

Dutsen da ya faɗo a Maroko a 2011, a wani wuri mai suna Tisint, makiyaya ne suka fara tsintar gutsattsarinsa. Wata malamar jami'ar Kasabalanka, Hasnaa Chennaoui Aoudjehane, ita ta jagoranci bincikensa, aka buga sakamakon a 2012. Darajar wannan dutse ita ce an ɗauke shi da wuri, kafin ruwan sama da ƙasa su gurɓata shi.

Motar da ke aiki a Mars

Ran 18 ga Fabrairu na 2021, hukumar binciken sama ta Amurka, wadda ake kira NASA, ta sauke wata mota a Mars. Sunanta Perseverance, wato naci. Tana da ƙafa 6, nauyinta ya ɗan wuce tan ɗaya. Babu direba a ciki. Daga nan ake aika mata umurni ta radiyo. Saƙon yana yin minti 3 zuwa 22 a hanya, gwargwadon nisan Mars a lokacin.

An sauke ta cikin wani babban rami mai suna Jezero, mai faɗin kilomita 45, wanda tabki ne a da. Tana da hannu mai huda dutse. Tana ciro gutsure kamar allin lakwal, ta sa cikin bututun ƙarfe ta toshe. Ya zuwa 2025 ta cika bututu wajen 30.

A watan Yuli na 2024 ta gamu da wani dutse mai ɗigo-ɗigo kamar fatar damisa. A watan Satumba na 2025 masana suka bayyana abin da suka gani. Ɗigon yana da irin ma'adinan da ƙananan halittu ke bari cikin laka, halittun nan da ido ba ya gani sai da madubin likita. Amma masanan sun ja kunne. Sun ce zafi da ruwa da ma'adinai su ma suna iya barin irin wannan alama ba tare da rai ba. Ba za a yanke magana ba sai an kawo gutsuren nan, an duba shi da manyan na'urori.

A nan gizo ke saƙa. Zuwa Mars an iya. Ɗauko abu daga can a komo da shi, ba a taɓa yi ba. Sai an sauke wani jirgi, ya ɗauki bututun, ya tashi daga Mars, ya miƙa wa wani jirgi mai jira a sama, shi kuma ya kawo gida. A 2023 aka yi lissafin kuɗin aikin, aka ga zai kai dalar Amurka miliyar 8 zuwa 11. A 2024 NASA ta ce kuɗin sun yi yawa, sai an sake shiri. Ƙasar Sin ita ma ta ce tana shirin aika nata jirgi a 2028, ya komo da ƙasar Mars a 2031.

Ga wani misali na tsadar irin wannan aiki. A 2016 Amurka ta aika jirgi zuwa wani dutsen sama mai suna Bennu, mai faɗin rabin kilomita. Jirgin ya yi shekara 7, ya komo a watan Satumba na 2023 da tsakuwa da ƙura giram 121. Abin bai cika ɗan ƙaramin kofi ba. An kashe fiye da dalar Amurka miliyar ɗaya.

Saboda haka, har yau duk wani gutsuren Mars da ke hannun ɗan Adam, da kansa ya faɗo. Cikin duwatsun sama fiye da 77,000 da aka rubuta a littafin masana, wajen 400 kaɗai ne na Mars.

Dutsen Agadas

Hamada tana adana dutsen sama. Ruwa ba ya yawan taɓa shi, sai ya yi dubban shekaru bai lalace ba. Kuma baƙin dutse a kan farin fili ana hango shi daga nesa.

Ran 16 ga Nuwamba na 2023, wani mai neman irin waɗannan duwatsu ya tsinci ɗaya a jihar Agadas, wajen Shirfa. Tsawonsa bai kai kamu ɗaya ba. Nauyinsa kilo 24 da giram 670, wato kamar tiya 10 ta hatsi. Aka aika ɗan gutsurensa Shanghai, a ƙasar Sin, aka auna. Na Mars ne. Kashi ɗaya cikin 5 na jikinsa ya koma kamar kwalba saboda bugun da ya sha. Shi ne dutsen Mars mafi girma da aka taɓa samu a duniya. Aka rubuta shi da lamba NWA 16788. Haruffan suna nufin arewa maso yammacin Afirka.

Dutsen bai zauna Nijar ba. Ya bi hannun ƴan kasuwa, ya ratsa Italiya, ya isa Amurka. Ran 16 ga Yuli na 2025, wani gidan gwanjo mai suna Sotheby's ya sayar da shi a birnin Niyok. Kuɗinsa dala miliyan 5 da dubu 300. Ba dalar nan ta sefa 5 ba, dalar Amurka. Da kuɗin sefa, wajen miliyar 3 ke nan, wato miliyan 3000. Kowane giram ya tashi ninki biyu na kuɗin zinariya a lokacin. Ba a bayyana sunan mai saye ba.

Gidan gwanjon ya ce dutsen ya fita bisa ƙa'ida. Gwamnatin Nijar ta ce ba ta gamsu ba, ta buɗe bincike a kan yadda ya fita. A cikin shekarar ta 2025 kuma, shugaban ƙasa Abdurahaman Tiani ya dakatar da fitar da duwatsu masu daraja da duwatsun sama daga ƙasar.

Asarar ba ta kuɗi kaɗai ba ce. Nijar tana da gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai. Tana da jami'a mai sunan Abdu Mumuni, wanda shi kansa masanin kimiyya ne, ya yi aiki a kan ƙarfin rana. Da dutsen yana gida, da ƴan lakwal sun gan shi da idonsu, da ɗalibai sun yi karatu a kansa, da masanan waje sun zo nan neman gutsure.

Yadda ake gane dutsen sama

Ba kowane baƙin dutse ne ya faɗo daga sama ba. Kashin maƙera yana da ramuka kamar soso, dutsen sama ba ya da su. Marmara da tama na ƙasa ne. Gatarin aradu kuma, wanda ake tsinta a gona bayan ruwa, mutanen da ne suka sassaƙa shi, suka yi aiki da shi kafin a san ƙarfe.

Dutsen sama yana shigowa da gudun da ya wuce kilomita 11 a sakan. Iska tana gasa shi, bayansa ya narke. Don haka yana da baƙar fata siririya, kaurinta kamar farce. In ya daɗe a hamada, fatar tana komawa ruwan ƙasa. Sau da yawa jikinsa yana da loɓa-loɓa, kamar an danna yatsa a ɗanyen yumɓu. Yawancinsu sun fi dutsen gari nauyi. Ba su da guba, taɓa su ba ya cutarwa, kuma ba su maganin kowace cuta.

Abin da ya kamata mai tsintuwa ya yi

1. Ya lura da wurin sosai, ya sa alama. In yana da salula, ya ɗauki hoton dutsen tun yana kwance, kafin ya taɓa shi.

2. In ya ga faɗowarsa, ya riƙe ranar, da lokacin, da gefen da hasken ya fito. Wanda ya iya rubutu ya rubuta. Da wannan ne masana ke lissafin hanyar da dutsen ya biyo.

3. Kada ya wanke shi, kada ya shafa masa mai, kada ya fasa shi ko ya daka. Ya naɗe shi da tsumma mai tsabta, ya ajiye wuri busasshe.

4. Kada ya kanga masa mayen ƙarfe. Masu neman duwatsu sun saba gwada su da mayen ƙarfe. A 2023 masanan Amurka da Faransa suka nuna cewa wannan yana goge wata shaida da ke cikin dutsen, kamar yadda ake wanke allo. Sun auna gutsattsarin Baƙar Kyakkyawa, suka tarar an riga an goge ta. Shaidar da ta yi fiye da shekara miliyan 4000 ta tafi cikin ƙiftawar ido.

5. Ya sanar da maigari ko hakimi, su kai magana ga hukuma da ma'aikatar ma'adinai. Kada ya saki dutsen ga baƙon da ya zo da ƴan kuɗi a ɓoye. Mai saye ya san abin da yake saye, mai sayarwa bai san abin da yake sayarwa ba.

Akwai gargaɗi ɗaya. Kada jin miliyoyi ya sa wani ya bar gona ko garke ya shiga Tenere neman dutse. Yawancin duwatsun sama ba su da tsada, na Mars kuwa ɗaya ne cikin wajen 200. Hamada ta ci mutane da yawa da ƙishirwa. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Amma manomi da makiyayi su ne masu kwana a fili, su ne masu sanin kowane dutse na dajinsu. In baƙon dutse ya bayyana, su za su fara ganinsa. Manomin Zagami bai ɓoye nasa ba, bai daka shi ba. Yau fiye da shekara 60 ke nan, masana suna karatu a kansa, kuma sunan garinsu yana cikin littattafan kimiyya na duniya.

Sai wata mai zuwa.